Katakon Tambi Bulau

Tumbang Sarai, 4 ga Afrilu, 1979

Zuwa ga Kawu Dehen, a Long Iram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Goggo da yara. Mu nan lafiya lau. Mun gama girbin shinkafa, ba laifi, duk da tsuntsaye sun ɗebi rabonsu ba tare da sun yi noma ba.

Na san za ka ce wace ce wannan. Ni ce Lamiang, 'yar Sarine, wadda kakarku ɗaya da ita, Tambi Bulau. Inna ta ce ranar da ka zo sallama za ka tafi kogin Mahakam, shekara ashirin da huɗu ke nan, ka ɗauke ni na jiƙe maka wando. An ce zumunta a ƙafa take, to ni tawa yau a takarda ta zo. Ban sani ba ko labari ya iso maka, Inna ta rasu watan Nuwamba. Ba ta sha jinya ba.

Kawu, tambaya ce ta kawo ni. Ka tuna katakon nan da ke rataye bisa randar shinkafa a gidanmu, mai fuskoki uku da fararen idanu, kawunansu a ƙasa? Da aka raba kayan Inna babu wanda ya so shi, ni kuwa na ɗauko, don ba ni da wani abu nata da ya fi shi. Tun da na yi aure ma rabin kwanakina a ƙarƙashinsa nake yi, can na haifi 'ya'yana biyu. Dukansu ba su kai kwana goma ba.

Yanzu ina da ciki wata uku da rabi. Surukata, Indu Ugang, tana ganin na shigo da shi ta tsaya a bakin ƙofa kamar ta ga maciji. Ta ce kowa ya san a garin matattu komai a juye yake, saboda haka fuskar da aka sassaƙa kai a ƙasa ba ta masu rai ba ce. Wai daga ɗakin da wasu ke ajiye ƙasusuwan matattunsu aka ɓallo shi, masu shi ne ke zuwa suna karɓar 'ya'yana a madadinsa. Ta ce kafin in haihu sai an jefa shi a kogi. Ta kuma ƙara da abin da ta daɗe tana son faɗa, cewa dama Tambi Bulau kamammiyar yaƙi ce, ba a san abin da ta shigo da shi gari ba. Mijina Ugang mutumin kirki ne, amma in uwarsa na magana sai ya tuna yana da gyaran kwalekwale.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina tsoro. Amma abin da ya fi tsoron damuna shi ne son sani. Na kai wa Bue Tundan, tsohon da ke sassaƙa mana ginshiƙan bikin matattu. Ya duba ya duba, ya ƙi taɓawa, ya ce wannan ba hannun mutanen kogin Kahayan ba ne, irin waɗannan idanu sai gabas, wajen Mahakam. Shi ya sa na tuna da kai. Kai kaɗai ka rage a cikin danginmu da suka ga Tambi da ido, kuma kana zaune cikin masu irin wannan aiki.

Ga zanen fuskokin na saka a ciki, kada ka yi dariya, ajin firamare biyar na tsaya. Mene ne shi? Daga ina ya fito, kuma me ake yi da shi? In na matattu ne ka faɗa mini gaskiya, zan jefa shi da hannuna.

'Yarka,
Lamiang

Long Iram, 2 ga Mayu, 1979

Lamiang,

Takardarki ta same mu lafiya. Goggonki na fama da gwiwa, ni kuma da marasa lafiyar da ba sa zuwa sai sun gama da boka. Rasuwar Sarine ban ji ba sai a takardarki. Na ajiye ta na fita bakin kogi na daɗe. Tare muka yi satar rake da ita, ita ke tsaye gadi, ita ce kuma ke fara gudu. Allah ya ba ta hutu. Wandon kuwa na tuna, shi kaɗai gare ni a lokacin.

Katakon na san shi sarai. Muna yara an hana mu taɓa shi, har na sha ranƙwashi a kansa. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, Tambi Bulau kan hau turmi ta shafa masa man kwakwa a inda yake rataye, ba ta saukewa. Na taɓa tambayarta mene ne, ta ce, "Baƙo ne kamar ni." Iyakar abin da na samu ke nan. An ce tana jaririya mayaƙa suka dawo da ita daga gabas, wani ya riƙe ta kamar 'yarsa. Ita kanta ba na jin ta san fiye da haka.

Zanenki kuwa, ke da malaminki sai Allah. Fuskoki uku a kan takarda, babu tsawo, babu faɗi, ban san ko girman tafin hannu ne ko girman ƙofa ba, ni kuma abin da na tuna na idon yaro ne, komai babba. Na nuna wa wani malamin makaranta a nan, ɗan ƙabilar Bahau ne amma a birni ya tashi. Ya ce hannun mutanensu ne, babu shakka. Ya ce ya taɓa ganin irin waɗannan fuskoki a kan akwatin gawar manya, wataƙila ɓallin akwatin ne. Amma fa wataƙila ya ce, shi ma kame-kame yake, ni ban yarda da shi ba tukuna.

Ki auna mini shi da hannu, ki duba ciki da waje, duk rami, duk tabo, duk abin da ke ɗaure a jiki, ki zana shi gaba ɗaya ta gefe. Wata mai zuwa zan hau kogi yin allura a ƙauyukan sama, can tsofaffin gaske suke.

Sannan ki gaya mini yadda yaran nan suka rasu, dalla-dalla, ko da zai yi miki zafi. Kwana nawa, me suka fara yi, wa ya karɓi haihuwar, da me aka yanke cibiya. Wannan tambayar ta malamin asibiti ce, ba ta kawu ba.

Kawunki,
Dehen

Tumbang Sarai, 1 ga Yuni, 1979

Kawu,

Muna lafiya, cikin ya fara motsi. A gaida Goggo da gwiwa.

Yanzu bari in yi faɗana. Kawu, shekara ashirin da huɗu ta sa ka manta yadda ake karanta takarda a garin nan? Kana zaton a ɗaki nake buɗewa ni kaɗai? Jirgi na tsayawa rabin gari suka biyo ta har gida, Ugang ya miƙe a tsakar gida yana karantawa da ƙarfi kamar mai wa'azi. Yana kaiwa kan akwatin gawa surukata ta dafe ƙirji ta ce ai ga shi nan, malamin asibiti ma ya faɗa. Wataƙilarka da rashin yardarka babu wanda ya ji su, hayaniya ta cinye. Magana zarar bunu ce, ka zaro, ni ce nake kwasa.

A ranar ta so a jefa shi. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce Kawu ya ce a auna, a bari a auna. Da ƙyar ta yarda a kai shi bukkar gona, nesa da gida, ta ce ta ba ni zuwa shigar wata na tara, daga nan ba ta sake jin komai. Mata sun daina zama kusa da ni a wurin wanka. Ba zan ce ina jin daɗi ba.

To ga awon. Jiya na je bukkar na zauna da shi, karo na farko a rayuwata da na taɓa shi da hannu biyu. Tsawonsa kamu ɗaya, faɗinsa taƙi ɗaya da rabi. A lanƙwashe yake kamar an tsaga ganga biyu, fuskokin suna waje. A sama akwai rufi na allo, siffar rabin wata, shi ne muke ce wa rufin ɗakin aljanun. Ba shi da nauyi, ko yarinya za ta ɗauka. Wannan wace irin gawa ce za ta shiga nan?

Akwai ramuka huɗu, biyu sama biyu ƙasa, bakinsu ya goge kamar igiya ta daɗe tana cin su. Cikin rufin ya yi santsi ya yi baƙi, har da ɗan kwarmi a tsakiya. Wannan ya ba ni mamaki, me zai goge rufi ta ciki? A gefen ƙasa ta hannun dama akwai 'yan tabo ƙanana a jere, Inna kan ce ɓera ne. Amma ni na san cin ɓera, yana bin katako ne ya yi ta tafiya, wannan kuwa wuri ɗaya aka nace wa. Sai wata katantanwa ɗaure da zare a jikin rami ɗaya, an toshe bakinta da ƙaro, in ka girgiza wani abu na motsi a ciki. Ban buɗe ba. Ga sabon zane ta gefe.

Yaran kuma. Na fari namiji, ta biyu mace, dukansu lafiyayyu aka haife su, suna shan nono kamar me. Rana ta shida shi, ta bakwai ita, suka ƙi kama nono, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare yana banƙarewa. Kwana biyu suka yi a haka suka rasu. Ungozomar garinmu ce ta karɓa, ta yanke cibiya da tsagin gora kamar yadda aka yanke tawa da taka, ta shafa toka. Na rubuta, kada ka sake sa ni.

In za ka amsa, ka tuna da kunnuwa arba'in kake magana.

Lamiang

Long Iram, 5 ga Yuli, 1979

Lamiang, da duk wanda ke tsaye a tsakar gida yana saurare, har da Indu Ugang, ina gaishe ku. Muna lafiya. Na ci faɗana, na kuma cancanta. Ugang, karanta a hankali, kada ka tsallake ko kalma ɗaya.

Shekaranjiya na dawo daga sama. A wani dogon gida bayan manyan duwatsun kogi na sami wata tsohuwa, Devung, ta haura tamanin, 'yan kunne sun ja kunnuwanta har kafaɗa. Na ba ta zanen na zauna ina yi mata bayanin rufi da garin matattu, ina ji da kaina. Ta kai takardar kusa da ido, ta dube ni, sai ta juya ta, sama ta koma ƙasa. Ta yi dariya har da tari, ta kira matan gidan su zo su ga malamin allura da bai san abin goyo ba.

Lamiang, ki juya shi. Ba rufi ba ne, mazauni ne. Abin goyon jariri ne, su suna ce masa bening. Yaro na zaune a kan allon, lanƙwasar ta tare masa baya, ramukan huɗu na igiyar da uwa ke saɓawa a kafaɗu ne. Fuskokin suna kallon baya don su tsorata duk abin da zai biyo yaron ta inda uwarsa ba ta gani. Kwarmin da kika ce ɗuwawun jarirai ne suka yi shi. Shekara ashirin da huɗu ina ganin irinsa a bayan mata a layin allura, sai dai na yanzu saƙar rotan ne, wata igiyar daji, da duwatsun ado. Mu namu goyon da zane ne, shi ya sa duk garinmu, har da ni mai takardar shaida, muka yi shekara tasa'in muna tsoron kujerar jariri. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na tambaye ta me ya sa aka rataye shi a juye. Ta ce ba ta sani ba, amma uwarta kan kife nata in babu yaro a ciki, don kada wani abu ya sami wurin zama. Na karanta mata maganar tabon ɓera, ta ce, "Ɓeran nan mai haƙora biyu ne, kuma yana kuka in an ajiye shi." Katantanwar kuwa kada ki buɗe. Guntun cibiyar yaron ne a ciki, haka suke adanawa.

Daga nan ta daina dariya. Ta ce a wurinsu kurwar jariri ba ta gama zama a jikinsa ba, rabinta a abin goyon take, shi ya sa ba a sayar da shi, ba a jefarwa, ba a raba yaro da shi. Wanda ya ɗauko Tambi Bulau a yaƙi, ko wane ne shi, da abin goyonta ya ɗauko ta, ya ratsa duwatsu da shi har Kahayan. Uwarta kuwa babu mai iya gaya mana abin da ya same ta. Devung ta ƙirga garuruwa uku da aka ƙone a zamanin iyayenta, ta ce cikin ɗayansu ne, yanzu duk daji ne. Ta ce cikakkiyar fuska irin wannan ba a sassaƙa wa ɗan talaka, tana yi masa nauyi ya yi ciwo, sai jinin sarauta. Ta tambaye ni wa ya gaje shi, na ce 'yar 'yar 'yarta. Ta ce to nata ne, ta sa ɗanta a ciki. Indu Ugang, kamammiyar da ake faɗa ke nan.

Yanzu malamin asibiti zai yi magana. Abin da ya kashe yaran nan na san shi, na gan shi ya fi sau ɗari. Sarƙe-haƙora ne, ta cibiya yake shiga, daga tsagin gora da toka. Ba katako ba ne, ba jinin Lamiang ba ne, ba kuma mugunta ce ta ungozoma ba, abin da ta gada take yi. Ugang ya kai ki Tewah a yi miki allurar riga-kafi da wuri. Ga reza sabuwa a cikin takardarta na saka a ambulan. A tafasa ta da zaren ɗauri, ungozoma ta wanke hannu da sabulu, kada a shafa komai a cibiyar, komai na ce.

Kawunki mai kunya,
Dehen

Tumbang Sarai, 21 ga Agusta, 1979

Kawu,

Muna lafiya, sai nauyin jiki. Ina fatan kuna lafiya, don shirun ya yi yawa.

Wata biyu da kwana ashirin ban ga takardarka ba. Ruwa ya janye, tun farkon Yuli jirgin inji bai iso mu ba, ina gaya wa kaina shi ne dalili. Amma wata zuciyar na ce mini faɗan da na yi maka ne ya ɓata maka rai, wata kuma na cewa ka gano abin na matattu ne ka rasa yadda za ka faɗa wa kunnuwa arba'in. Surukata ta ce shiru ma amsa ce. In na yi maka rashin kunya ka yafe ni, bakina ne haka.

Wa'adin ya cika. Jiya da safe Ugang ya ɗaura wa katakon dutse, don kada ya yi yawo ya tsaya a mashayar wasu, ya sake shi a gurbin da ke ƙasan gari. Na ce da hannuna zan jefa, na kasa, a bakin ruwa na tsaya. Fuskokin ne suka nutse a ƙarshe. Katantanwar kaɗai na kwance a ɓoye, tana cikin zanina, ban san me ya sa ba.

Na zaci zan ji sauƙi. Tsoron yana nan inda yake, ga shi kuma ba ni da komai na Inna. Har yanzu ina kwana ina tashi da tambayar me ya goge rufin nan ta ciki.

Wani mai sayen roba zai gangara Kuala Kurun da ƙaramin kwalekwale, shi zan ba wannan.

Lamiang

Long Iram, 19 ga Satumba, 1979

Lamiang,

Muna lafiya, in ban da ni da na kasa cin abinci tun da takardarki ta zo jiya. Wane fushi? Ranar 5 ga Yuli na amsa miki, takarda mai kauri, da reza a ciki. Tana can wani wuri a buhu tana jiran ruwa, ni kuma ina nan ina cizon yatsa.

In ba ta iso ba, ga shi a taƙaice. Abin goyon jariri ne, na Tambi Bulau, a juye kuka rataye shi. Katantanwar cibiyarta ce, ki riƙe. In ya tafi ya tafi, laifina ne da na rubuta wataƙila inda bai kamata ba. Amma cibiyar abin da za ki haifa, ina roƙonku da girman Allah, kada a yanke da gora, kada a shafa toka. Sabuwar reza, a tafasa.

Na ƙirga kwanaki, na san wannan ba za ta riga haihuwar ba. Na rubuta ne don ba zan iya zama haka ba. Ko mene ne ya faru ki sanar da ni.

Dehen

Tumbang Sarai, 16 ga Oktoba, 1979

Kawu,

Ka ci abinci. Mace ce, yau kwananta goma sha tara, tana shan nono kamar tana gaba da ni. Ni ma lafiya lau. A gaida Goggo, a ce mata ta yi jika.

Mai sayen robar nan da ya gangara da takardata shi ya hauro da taka. Ya same ta a Kuala Kurun cikin buhun da ke jiran ruwa, ya iso kwana tara bayan an jefa katakon. Wannan karon na fizge ta daga hannun Ugang, na ce ni zan karanta, kuma duk wanda ya yi tari sai na koma farko. Na karanta tun daga gaisuwa. Da na kai inda Devung ta juya takarda, Bue Tundan ya kama kansa ya ce shi da ya yi shekara sittin yana sassaƙa, a rufa masa asiri kada labarin ya kai gari na gaba. Mata suka fashe da dariya. Ni kuwa na kasa, don abin na ƙarƙashin ruwa.

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta ce takarda ba ta ƙin tawada, jiya akwatin gawa yau abin goyo, gobe kuma a ce turmi ne. Maganar sarautar ma ta ce a kai kasuwa. Sai ta tambaye ni tabon nan na gefe, guda nawa ne a jere, kuma yaya girmansu. Na ce bibbiyu ne, kamar ƙwayar shinkafa. Sai ta juya ga ɗanta ta ce, "Kai kuma me kake jira, sai ruwa ya dawo?"

Ranin da ya tsare takardarka shi ya taimake mu. Gurbin ya ragu, ruwan ya kwanta har ana hango ƙasa. Ugang ya yi nutso sau shida, a na bakwai ya fito da wuƙa a baki da katakon a hannu, duk laka, idon fuska ɗaya ya fita. Surukata ce ta karɓa, ita da ko kallonsa ba ta yi. Ta wanke shi, ta juya shi, ta ajiye a kan yashi, ya zauna daram, fuskokin suka dube mu a miƙe karo na farko. Kawu, ashe murmushi suke yi. Ta bi tabon da ɗan yatsa, ta ce ta yaye bakwai, ta binne uku, ba a gaya mata haƙorin yaro. Sai na ga tana share ido da bakin zani. Ta ce nata ukun ma a rana ta bakwai baki ya rufe. Shekara shida ina gidan nan ban taɓa ji ba.

Ba ta ba ni haƙuri ba, kada ka zata. Amma ita ta tasa Ugang gaba muka je Tewah allura, rabin hanya muna jan kwalekwale a kan tsakuwa. Ranar haihuwa ita ta tsaya a kan tukunya tana tafasa rezarka, da ungozoma ta miƙa hannu wajen toka ta buge hannun. Daga rana ta biyar zuwa ta goma babu wanda ya yi magana mai ƙarfi a gidan nan. Rana ta bakwai ni da ita muka wuni muna kallon bakin yarinya, duk hammar da ta yi sai mu dubi juna.

Na mayar da katantanwar Tambi wurinta, na ɗaura wata sabuwa kusa da ita. Ugang na saƙa igiyar kafaɗa, Bue Tundan na neman ƙwanson da zai yi ido. Yarinyar sunanta Bulau. Takardarka ta watan Satumba ta zo shekaranjiya, na karanta ta ni kaɗai a ɗaki.

'Yarka,
Lamiang

Tumbang Sarai, 12 ga Mayu, 1980

Kawu,

Muna lafiya, girbi ya yi kyau. Mun ga takardarka da hoton, ashe haka ka tsufa. Mun ji za ka sake hawa sama wata mai zuwa. In Devung na nan da rai ka kai mata wannan tabarmar, ni na saƙa. Ka tambayar mini ita sunayen garuruwan nan uku, ka rubuta su daidai, ina so Bulau ta taso da su a baki ko da daji ne.

Duk girbin nan a bayana ta yi shi, cikin abin goyon. Mutanen gari sun gaji da kallo sun bari. Surukata na cewa nauyin banza ne, zane ya fi, amma in na juya sai in ga ta saɓa shi ta tafi maƙwabta da yarinya.

Wani lokaci ina tafiya gona, igiyar na cin kafaɗata, sai in tuna wata mata ta taɓa jin wannan nauyin a daidai wurin nan, ba mu san ko sunanta ba. Jiya na sauke Bulau zan shafa wa katakon man kwakwa, na ga gefen dama a jiƙe da yawu. Kusa da tsofaffin tabon akwai sababbi guda biyu, ƙanana, farare.

'Yarka,
Lamiang